Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Koci Adem Yze da kwamitin zaɓen 'yan wasan Richmond: ku buɗe wa yaran nan tsakiyar fili

Assalamu alaikum, Malam Adem, kai da sauran manyan da kuke zama kowane mako a Punt Road, hedkwatar ƙungiyar, kuna fitar da sunayen waɗanda za su sa baƙar rigar nan mai ratsin rawaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, da barka da kammala kakar 2025 ta AFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Ostareliya. Ni Bahaushe ne mazaunin Melbon, mamba mai biyan kuɗin rajistarsa a wannan ƙungiya. Bachar Houli ne ya ja ni zuwa Richmond, kamar yadda ya ja Musulmi da dama na birnin nan, ganin mutum mai gemu da salla da azumi yana tsare bayan ƙungiya har ya ɗauki kofi uku. Houli ya yi ritaya a 2021, amma son ƙungiyar ya riga ya kama ni, kuma wannan son ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Buƙatata guda ce. Daga wasan farko na kakar 2026, duk lokacin da za a tayar da ƙwallo a tsakiyar fili, ina roƙon a ga aƙalla yaro ɗaya a cikin mutum ukun da ke tsaye kusa da kyaftin Toby Nankervis. Ba sai an yi mana nisa da maki 50 a zango na huɗu ba, lokacin da wasa ya riga ya mutu. Tun daga busar farko, kuma kowane mako, ko ana cin mu ko muna ci.

Kafin in shiga hujja, dole in ba ku haƙƙinku. A 2024 wasa 2 kacal muka ci, muka ƙare a ƙasan teburi. Da aka shiga 2025, masu sharhi da yawa sun ce ko wasa ɗaya ba za mu ci ba. Sai ga daren farko a MCG, babban filin wasa na Melbon, Carlton ta ba mu ratar maki 41, mutane a gefena sun fara kallon agogo suna tunanin jirgin ƙasan komawa gida, amma yaran suka ƙi kwanciya. Aka juya wasan, muka ci da maki 13. Sam Lalor, wanda muƙamuƙinsa ya karye a wasan share fage makonni kaɗan kafin nan, ya zura gol 2 a wasansa na farko. Na ga dattijon da ke kujerar gabana, gashi fari fat, ya cire gyalen wuyansa yana share hawaye da shi. Daga nan muka doke Gold Coast, muka doke West Coast gida da waje, muka doke Essendon. Wasa 5 ke nan, mataki na 17. Ba abin tinƙaho ba ne, amma ya fi abin da aka zata mana, kuma aikinku ne.

Ku yi mini haƙuri in ɗan yi bayani saboda 'yan'uwana da za su karanta wannan a Kano ko Maraɗi, waɗanda ƙwallon da suka sani mai zagaye ce. A wannan wasa na Ostareliya, ƙwallon mai siffar ƙwai ce, filin ma haka, kowane ɓangare mutum 18. Tun 2019 doka ta ce a farkon kowane zango da kuma bayan kowane gol, sai kowace ƙungiya ta jera shida a gaba, shida a baya, biyu a fukafukai, huɗu kuma a cikin murabba'in tsakiya mai faɗin mita 50. A cikin huɗun nan, ɗaya shi ne dogon da ke tsalle ya doko ƙwallo idan alƙali ya tayar da ita. Saura uku. Kujeru uku ke nan kacal, kuma a kansu ne wannan wasiƙa take. Tunda sai an ci gol ko an fara zango ake komawa tsakiya, a wasa guda damar ba ta cika wuce 20 da ɗoriya zuwa 30 ba. Abu ne mai ƙaranci, kuma duk wadda aka bai wa babba an hana yaro.

Abin da ake koya a cikin murabba'in nan ba a koyon sa a wani wuri. Ku dubi Dion Prestia, ɗaya daga cikin manyan 'yan tsakiyarmu, idan ana shirin tayar da ƙwallo. Ba ya kallon sama tukuna. Yana kallon ƙafar abokin karawarsa, ya matsa ya jingina masa ƙugu, ya rage tsawo, sannan ya saci kallon hannun da Nankervis zai yi amfani da shi. Kafin ƙwallo ta sauko ya riga ya yanke shawara: ko ya tafi kanta, ko ya tare mutum don Tim Taranto ya samu hanya, ko ya ja baya don kada a ɓalle ta gabansa. Duk wannan a cikin daƙiƙa biyu. Idan ya kama ta, hannu biyu sun riga sun naɗe masa ƙugu, amma ya san ya ɗaga hannuwansa sama don ya samu ya dunƙule ya miƙa. Wannan sanin ba daga allon ɗakin taro ya samo shi ba. Ya same shi ne daga ɗaruruwan karo da aka kayar da shi, aka ƙwace masa, aka riga shi. Ɗan maƙeri ba ya iya ƙira yana zaune a bakin ƙofa yana miƙo gawayi. Sai ya riƙe masaba, ya ɓata ƙarfe, uban yana tsaye a kansa.

Ku tuna abin da muka biya kafin mu samu yaran nan. A ƙarshen 2024 Dustin Martin ya ajiye takalma bayan wasa 302, Dylan Grimes ma ya bi shi. Shai Bolton ya tafi Fremantle, Liam Baker da Jack Graham suka tafi West Coast, Daniel Rioli ya bi tsohon kocinmu Damien Hardwick zuwa Gold Coast. Huɗun nan dukkansu mutanen da suka ɗaga kofi da mu ne, kuma masu shekarun ganiya. Ƙungiya ta sake su, ta tara lambobi a zaɓen matasa na ƙasa, inda wanda ya ƙare a ƙasan teburi ke fara ɗauka. Blair Hartley, jami'in ɗauko 'yan wasa, da mutanensa suka kwaso yara 6 a zagayen farko kaɗai: Lalor a lamba ta 1, Josh Smillie ta 7, Taj Hotton ta 12, Jonty Faull ta 14, Luke Trainor ta 21, Harry Armstrong ta 23, sannan Tom Sims ya biyo a ta 28. Mun sayar da yau don mu sayi gobe, kuma mu mambobi mun yarda da cinikin. To amma cinikin ba zai biya ba sai an sa kayan da aka saya a inda aka saye su domin sa.

A gaba da baya kun yi hakan, kuma na yaba. Trainor ya tsaya a baya yana karanta ƙwallo a iska kamar wanda ya daɗe a harkar. Faull da Armstrong da Sims sun sha gwagwarmaya da ƙattin masu tsaron baya da suka girme su da shekara goma, ana ture su, suna tashi. Ba wanda ya ce a ɓoye su sai sun yi ƙwari. Tsakiyar fili ce kaɗai ta kasance hannun manya a mafi yawan kakar, Taranto da Jacob Hopper da Prestia, da Jack Ross yana taya su. Na san dalilin bana, kuma ba laifinku ba ne. Smillie bai buga wa babbar ƙungiya ko wasa ɗaya ba saboda jinyar tsoka. Hotton ya zo da jijiyar gwiwa da ta tsinke tun yana wasan matasa a 2024, sai a ƙarshe-ƙarshen kaka ya shigo. Lalor kuwa akasari a gaba kuka ajiye shi, sannan tsokar bayan cinya ta kama shi sau biyu, kakarsa ta tsaya a wasa 11. Ba na tuhumarku a kan 2025. Tsorona a kan 2026 yake, ranar da kowa zai warke, manya da yara duk suna tsaye, ku kuma kuna riƙe da alli da kujeru uku.

A ranar nan hanya mai sauƙi ita ce a rubuta Taranto, Hopper, Prestia, a tura Lalor gaba saboda yana iya cafke ƙwallo yana cin gol, a tura Hotton gefen gaba saboda yana da tsalle da zafin nama, a ce Smillie ya ƙara nuna kansa a ƙungiya ta biyu. Kowace shawara a cikin ukun nan, in aka ɗauke ta ita kaɗai, tana da hujja. Kuma kowane koci da ake ƙirga masa nasarori zai so ya rage ratar da ake ba shi ranar Asabar. Amma idan aka tara su mako bayan mako, sai a wayi gari a ƙarshen 2027 yaran da muka sayar da gwanayen da suka ci mana kofuna domin su ba su taɓa ɗaukar nauyin tsakiya ba.

Lissafin a fili yake. Kakar wasa tana da wasa 23. Duk wanda ya daɗe yana kallon wasan nan ya san ɗan tsakiya ba ya zama abin dogaro sai ya doshi wasa 80 zuwa 100. Lalor yana da 11, Smillie ba shi da ko ɗaya. Ko da ba su sake jin ciwo ba, sai tsakanin ƙarshen 2028 da 2030 za su kai can. Taranto da Hopper kuwa sun zo daga ƙungiyar GWS ta Sydney a ƙarshen 2022 a kan kwantiragin shekara 7 kowanne, wato zuwa ƙarshen 2029, lokacin da Taranto zai kai 31, Hopper 32. Prestia tun a 1992 aka haife shi. Ashe ke nan shekarun da suka rage wa manyan nan su ne daidai shekarun da yaran ke buƙata don su koya a gefensu. Idan aka ɓata biyu daga ciki ana jiran yaro ya “cancanta”, za a zo ranar da manya za su sauka, magada ba su nuna ba.

Kada a ɗauka ina rage darajar Taranto da Hopper. An kawo su ne lokacin da ake ganin akwai sauran kofi ɗaya a jikin tsohuwar tawaga, aka ba da lamba ta 12 da ta 19 a kan Taranto, aka ba da wata lambar zagayen farko a kan Hopper. Ƙasa ta zame musu a ƙarƙashin ƙafa cikin shekara biyu, amma ba su yi ƙorafi ba, ba su nemi tafiya ba. Taranto ya ci lambar Jack Dyer ta gwarzon ƙungiya a shekararsa ta farko, 2023. Su ne suka hana a riƙa yi mana kaca-kaca a bana. Abin da nake cewa shi ne aikinsu ya sauya. Taranto ya iya cin gol tun yana GWS, zai iya kwashe wani kaso na wasa a gaba ba tare da ƙungiya ta yi asara ba. Prestia, muddin yana sanye da rigar nan, darajarsa mafi girma ita ce ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Smillie yana gaya masa inda zai sa ƙafa.

Ba sabon abu nake kawo muku ba, tarihin gidan nan ne. A 2010, shekarar Hardwick ta farko, mun sha kashi a wasa 9 na farko a jere. A cikin wannan halin aka jefa Dustin Martin, lamba ta 3 a zaɓen 2009, yana da shekara 18, ya buga wasa 21 a kakar, a tsakiyar turmutsutsu, tare da Trent Cotchin wanda shi ma bai daɗe da shiga shekara 20 ba. An ci mu, an sake cin mu. An fitar da mu a matakin farko na zagayen ƙarshe a 2013 da 2014 da 2015, muka zame zuwa na 13 a 2016. Sannan 2017 ta zo, bayan shekara 37 ba kofi, Martin ya haɗa lambar Brownlow ta gwarzon gasa da ta Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe da kofi a shekara guda. Wanda ya ga yadda yake ture mutum da tafin hannu ɗaya a wasan ƙarshe da Adelaide, ya ga amfanin shekara bakwai na dukan da ya sha tun yana yaro. A wannan wasan ne kuma Jack Graham, lamba ta 53, ɗan shekara 19, a wasansa na biyar kacal, aka ɗora masa tsaron Rory Sloane, gwanin tsakiyar Adelaide, ya kuma zura gol 3. Gidan nan ya taɓa amincewa da yaro a rana mafi girma, bai yi nadama ba.

Ku dubi kuma Hawthorn, inda kai Malam Adem ka yi shekaru kana mataimakin koci. A ƙarshen 2022 kocinsu Sam Mitchell ya saki Tom Mitchell, mai lambar Brownlow ta 2018, zuwa Collingwood, ya saki Jaeger O'Meara zuwa Fremantle. An zage shi sosai, aka ce ya yanke nama har ƙashi. Ya miƙa tsakiya ga Jai Newcombe, wanda aka ɗauko a zaɓen tsakiyar kaka na 2021, da Conor Nash da James Worpel, ya kuma janyo Will Day daga baya ya sa shi a ciki. Sun ƙare na 16 a 2023, amma Day ya zama gwarzon ƙungiyar a shekarar. A 2024 suka shiga zagayen ƙarshe, a 2025 suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Ba ina cewa mu saki namu manyan ba. Ina nuna ne cewa abin da ya tayar da Hawthorn shi ne an buɗe kujerun, yaran suka san nasu ne, ba aro ba.

Na san abin da za ka ce mini, domin kai tsohon ɗan wasan ƙungiyar Melbourne ne, ka buga mata wasa 271, kuma ka ga abin da ya faru da ita bayan tafiyarka. Sun ɗauki Jack Watts a lamba ta 1, suka jefa shi gaban Collingwood a 2009 a ranar da filin ya cika, 'yan adawa suka yi masa rubdugu a taɓawarsa ta farko. Sun ɗauki Tom Scully da Jack Trengove a lamba ta 1 da ta 2. A 2011 Geelong ta ci su da maki 186. A 2012 suka naɗa Trengove kyaftin yana da shekara 20, tare da Jack Grimes, a 2013 wasa 2 suka ci. Yara masu baiwa suka karye a jiki da zuciya. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai kiran a sa yara dole ya kalle ta ido da ido. Amma ciwon Melbourne ba sa yara ba ne. Ciwonta shi ne ta sa su ba babba a gefensu, ta ɗora musu shugabanci kafin su iya ɗaukar kansu. Mu muna da abin da ba su da shi: Nankervis mai kofi uku yana doko ƙwallo, Taranto da Hopper da suka buga wa GWS wasan ƙarshe na 2019, Nick Vlastuin da Nathan Broad a baya, Tom Lynch a gaba. Shi ya sa ban ce yara uku ba. Na ce aƙalla ɗaya, wani lokaci biyu, amma kullum da babba mai ƙashi a tsaye. Brisbane ta yi haka da Will Ashcroft a gefen Lachie Neale da Josh Dunkley, ga shi ya ci lambar Norm Smith a 2024 ya sake ci a 2025.

Wasu za su kawo misalin Nick Daicos na Collingwood da Harry Sheezel na North Melbourne, waɗanda aka fara da su a baya, inda ake ganin fili gaba ɗaya ba a cika shan karo ba, kuma suka yi fice. Haka ne, kuma ban ƙi a bai wa yaro shekarar farko a wuri mai sauƙi ba. Lalor ya riga ya yi tasa a gaba. Amma Collingwood ba ta bar Daicos a can ba, tun a shekararsa ta biyu ta fara tura shi ciki. Haɗarin da ke kan Lalor shi ne ya yi kyau a gaba har a kasa cire shi. Ƙungiyar da ke fama da ƙarancin gol za ta so ta riƙe duk mai ci mata biyu a mako. Sai dai ba don ya ci gol biyu aka ɗauke shi a lamba ta 1 ba. An ɗauke shi ne saboda ƙirjinsa da cinyoyinsa da yadda yake fasa taro ya fito da ƙwallo. Smillie kuma, mai tsawon santimita 195, irin ɗan tsakiyar da Carlton ta samu a jikin Patrick Cripps ne muke fata, kuma irin wannan jiki ba ya sanin amfanin kansa sai ya yi ta gogayya da ƙarti.

Akwai wasu yaran kuma da ba a yi musu kiɗa ba, kuma su ne suka fi ba ni tausayi. A shekarun da muke cin kofi mun ɗauki Riley Collier-Dawkins a lamba ta 20 a 2018, da Thomson Dow a ta 21 a 2019. Sun tarar da tsakiya cike da gwanaye, suka yi ta kai da komo tsakanin babbar ƙungiya da ta biyu. Collier-Dawkins ya bar mu a ƙarshen 2022 da wasanni 'yan kaɗan. A lokacin akwai uzuri, ana neman kofi. Yanzu babu. Kane McAuliffe da Tyler Sonsie da ire-irensu suna buƙatar a ba su wasa 8 ko 10 a jere a matsayin da aka ɗauke su dominsa, a gaya musu tun farko cewa wasa ɗaya mara kyau ba zai mayar da su baya ba. Yaron da ya san ana jiran kuskurensa ba ya ɗaukar kasada, yakan miƙa ƙwallo ga na kusa don ya tsira, ku kuma ba za ku taɓa ganin iyakarsa ba. Idan an ba shi damar ya kasa, sai a sallame shi da mutunci, kowa ya san an yi adalci. Abin da ba shi da kyau shi ne a riƙe mutum shekara biyar ba a san ko zai iya ba.

Ƙungiya ta biyu ma ina da magana a kanta, gajeriya. Idan an mayar da yaro gasar VFL, a sa shi a matsayin da ake so ya buga a sama. Ba amfani Smillie ya tara ƙwallo 30 a can yana yawo a sake, sannan ya hau sama a ce ya tsaya a gefen gaba.

Sai batun jiki, wanda ya fi komai tayar mini da hankali. Yara biyu mafi tsada a cikin zaɓenmu duk tsoka ta kwantar da su a shekara ɗaya. Wani zai ce wannan hujja ce ta a nisanta su da tsakiya. Ni ina ganin hujja ce ta a tsara musu abin da ma'auni. Doka ta ba kowace ƙungiya damar sauyi 75 a wasa, wannan ya isa a sa Lalor ya yi minti shida ko bakwai a ciki, ya huta, ya koma gaba, ya sake dawowa. A fara da kashi ɗaya cikin uku na tayarwar tsakiya, a ƙara a hankali zuwa rabi kafin kaka ta ƙare. Idan likitoci sun ce ya huta mako guda, ya huta, ko da wasan da Collingwood ne, kuma kada a sake gaggauta dawo da kowa daga ciwon bayan cinya don ana son nasara ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Amma hutu saboda lafiya daban, ajiyewa saboda tsoron shan kashi daban, kuma mu da ke kan kujeru muna iya bambanta su.

Lokaci kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Tasmaniya za ta shigo gasar a 2028, kuma wanda ke gina ta shi ne Brendon Gale, tsohon babban jami'in Richmond, mutumin da ya gina namu gidan, wanda ya san darajar kowane yaro da ke Punt Road. Sabuwar ƙungiya tana zuwa ne da kaso mai tsoka na lambobin farko a zaɓen matasa, da kuɗin janye 'yan wasa daga wasu. Mun gani a baya: Gary Ablett ya bar Geelong zuwa Gold Coast a ƙarshen 2010, Scully ya bar Melbourne zuwa GWS bayan kaka biyu. Ko ba sabuwar ƙungiya, Jason Horne-Francis, lamba ta 1 a 2021, kaka ɗaya ya yi a North Melbourne ya koma Port Adelaide. Yaron da ake bai wa tsakiya yana jin gidan nasa ne. Wanda ake ajiyewa a gefe shi ne wanda ke ɗaga waya idan wakilinsa ya kira. Ga shi kuma mun fito daga kakar 2025 riƙe da lambobi biyu na sama-sama, tamu da ta North Melbourne da muka karɓa a musayar 2024. Idan aka sake ɗauko 'yan tsakiya da su, layin zai ƙara tsawo, kujerun kuma suna nan uku. Gara a tsara rabon tun yanzu, kafin yaran su fara ƙirga wa junansu.

Na san abin da nake roƙo yana da farashi, kuma kai ne za ka fara biya, Malam Adem. Za a yi ranakun da gwanaye irin su Neale ko Marcus Bontempelli za su yi wa yaranmu wankin babban bargo, a ci mu gol biyar a jere daga tsakiya, gidajen rediyo su kwana suna kiran sunanka. Shi ya sa wannan roƙo ya haɗa da shugaban ƙungiya John O'Rourke da babban jami'i Shane Dunne: ku fito ku faɗa da bakinku cewa ba da yawan nasarorin 2026 za a auna kocin nan ba, da yawan abin da yaran suka koya za a auna shi. Kocin da ke tsoron kujerarsa ba zai taɓa cire Hopper ya sa Smillie ana saura minti biyar da ratar gol ɗaya ba, kuma wannan minti biyar ɗin ita ce makarantar.

Mu kuma mambobi, a ba mu gaskiya za mu iya ɗauka. Wannan ita ce ƙungiyar da ta fara haura mambobi 100,000 a 2018, kuma da yawa cikinsu sun jira shekara 37 ba su yaga katinsu ba. Abin da muke so shi ne idan an fitar da sunaye, a gaya mana dalili a sarari: wane an hutar da shi saboda cinya, wane an mayar da shi ƙasa ya gyara abu kaza, zai dawo bayan mako kaza. Sannan a ƙarshen kowane wata, ku duba takardarku ku ga tayarwar tsakiya nawa Lalor da Smillie da Hotton da McAuliffe suka halarta. Idan adadin bai fi na watan da ya wuce ba alhali lafiyarsu ƙalau, to a zauna a sake rabo kafin wasa na gaba.

Allah ya ba yaran lafiya, ya ba ku basirar zaɓe.

Wassalam.

Naku,
Wani mamban Richmond, daga Melbon